Darasi na 17: Ɗan Ƙwaro Mai Gajeriyar Riga

Gabatarwa

Nassin wannan mako ya shafi kimiyyar ƙwari, amma abin da muke nema a cikinsa harshe ne. Za ku ga yadda Hausa take siffanta ƙaramin abu daki-daki, da kuma dabarar da take yi idan ta haɗu da abin da ba ta raɗa wa suna ba. Ku karanta shi sau biyu kafin ku zo aji, na farko ba tare da ƙamus ba, na biyu da fensir a hannu. Sunayen Latin da ke ciki ba na haddacewa ba ne.

Karatu

Wata ranar Asabar cikin watan Yuni, bayan an kwana ana ruwa, na fita da 'yata zuwa bakin wani ɗan rafi da ke bayan unguwarmu a Gaithersburg, garin da ke jihar Maryland, kimanin kilomita 30 arewa maso yamma da birnin Washington. Tana tsugune tana jujjuya ruɓaɓɓun ganyaye da tsinke, sai na ji ta ce, "Baba, zo ka ga wata tururuwa mai jar riga!" Kafin in ƙaraso, abin ya hau bayan hannunta, ta ɗaga ɗaya hannun za ta make shi. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba: "Kul! Kada ki murje shi!" Na sunkuya na hure shi, ya faɗa kan ganye, na kife shi da kwalbar da muka zo da ita.

Tsawar nan tana da tarihi. Sa'ad da muke makarantar kwana a arewacin Nijeriya, idan damina ta yi nisa, ba a rasa yaron da zai wayi gari da wata doguwar ƙuna a wuya ko a kumatu, kamar an zane shi da tsumagiya mai wuta. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai wurin ya yi bororo, ya riƙa raɗaɗi, daga baya ya bar baƙin tabo. Duk wanda ya gan shi sai ya ce, "Hangara ta yi maka fitsari." Sai da na girma na fahimci cewa ƙwari iri biyu ne, waɗanda ba gidansu ɗaya ba, suke haddasa irin wannan ƙuna a Afirka ta Yamma. Ɗaya ita ce hangara ta ainihi, wadda manomi ya sani a kan furen gero da na wake. Ɗayan kuwa ɗan siriri ne, ja da baƙi, mai kama da tururuwa, wanda hasken fitila yake jawowa cikin ɗaki da dare. To, ga shi yau na ga mai kama da shi a Amurka, a hannun 'yata. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Saboda haka muka ɗauko shi zuwa gida domin mu bincika asalinsa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara lura da shi shi ne, kalmar ƙwaro a Hausa tana da faɗi. Bahaushe yakan sa kunama da gizo-gizo da kaska a cikin ƙwari, tare da fara da sauro da kyankyaso. Masana kimiyya sun fi shi ƙuntata ma'anar. A wurinsu, rukunin da suke kira Insecta ya ƙunshi masu ƙafa shida kawai, waɗanda jikinsu ya kasu kashi uku: kai da ƙirji da ciki. Kunama da gizo-gizo ƙafa takwas gare su, don haka sun fita. Muka sa gilashin ƙara girma, irin mai ninka abu sau goma, muka ƙirga ƙafafun baƙonmu. Shida ne cif. Tsawonsa kuwa, da muka gwada da rula, kimanin milimita 5, bai kai ƙwayar shinkafa mai kyau ba.

Sai batun tururuwa. Yarinya ba ta yi laifi ba da ta kira shi haka, domin manya ma sukan ruɗe. Amma tururuwa da kiyashi da cinnaka da kwarkwasa duk suna da alama biyu. Ta farko, ƙugunsu a tsuke yake ƙwarai, kamar na zanzaro. (Daga ƙugun wannan ƙwaro ne aka sami "yin zanzaro", wato cusa riga cikin wando.) Ta biyu, 'yan ƙahonnin da suke shinshina hanya da su a lanƙwashe suke kamar gwiwar hannu. Namu ba shi da tsukakken ƙugu, ƙahonninsa kuma a miƙe suke, gaɓa-gaɓa kamar carbi, gaɓa 11 a kowanne. Akwai kuma wani ƙwaro mai dogon jiki da akan ruɗa su da shi, mai abu kamar almakashi a wutsiya. Namu ba shi da almakashi.

Amsar tana gadon bayansa. A bayan ƙirji akwai wasu 'yan marafai guda biyu masu tauri, waɗanda suka haɗu a tsakiya a kan miƙaƙƙen layi, kamar ƙyauren taga mai ɓari biyu. Kusan duk ƙwaron da kuka gani da irin wannan murfi, to ɗan uwan buzuzu ne. Asalin marafan fukafukai ne na gaba da suka taurara, suka zama kube, fukafukan tashi kuma suna ɓoye a ƙarƙashinsu. Sunan rukunin ma abin da yake faɗa ke nan: Coleoptera, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar kube da fiffike. Babu rukunin dabbobi da ya kai wannan yawa. An siffanta iri sama da 380,000 a cikinsa, wato kusan kashi 40 cikin 100 na dukan ƙwarin da aka sani. Hausa ba ta da kalma guda da ta tattara su. Tana da buzuzu, tana da hangara, sauran kuwa ƙwari ne kawai.

Buzuzu dai kubensa ya rufe masa ciki ruf, kamar mai sanye da babbar riga. Baƙonmu kuwa kubensa gajere ne, iyakarsa kusan tsakiyar jiki, ya bar yawancin gaɓoɓin ciki a waje, sai ka ce yaron da rigarsa ta yi masa kaɗan. Wannan ita ce babbar alamar dangin da ake kira Staphylinidae, sunan da masanin ƙwari Bafaranshe Latreille ya ba su a 1802. Tun da kube bai ɗaure cikin ba, suna iya lanƙwasa shi yadda suka so, su kutsa cikin ruɓaɓɓen ganye da tsagar ƙasa da ɓawon itace. Idan aka tsokane su sai su ɗaga wutsiya sama kamar kunama. Barazana ce kawai, ba su da ƙari. Abin mamaki kuma, da yawansu suna tashi. A ƙarƙashin ɗan murfin nan akwai dogayen fukafukai a nannaɗe, kuma idan ƙwaron ya sauka, da cikinsa yake tura su yana ninkewa har su shige. A 2014 wasu masu bincike a Japan sun ɗauki hoton wannan aiki da kyamara mai sauri, suka nuna cewa ninkin fiffiken dama daban yake da na hagu.

Ku dubi ƙarshen sunan, wato -idae. Aikinsa ɗaya da na ɗafin -awa a Kanawa da Katsinawa da Sulluɓawa: yana nuna jama'ar da suka taru a ƙarƙashin suna guda. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan, da "Staphylinawa" zai ce, wato mutanen gidan Staphylinus. Haka tsarin yake tun daga sama har ƙasa, kuma wanda ya san mulkin gargajiya na ƙasar Hausa ba zai sha wahalar gane shi ba. Sarki yana da hakimai, kowane hakimi yana da dagatai, kowane dagaci yana da masu unguwanni, kowane mai unguwa yana da magidanta. Idan kana neman mutum, daga sama kake gangarowa har ka isa ƙofar gidansa. A wannan darasi za mu ce rukuni ga mataki irin na Coleoptera, dangi ga irin na Staphylinidae, gida ga wanda ke ƙasa da shi, sannan iri ga mataki na ƙarshe.

Sai dai wanda ya isa wannan dangi kada ya ɗauka ya kusa gida. Masu gajeriyar riga da aka siffanta sun haura iri 60,000, abin da ya sa suke cikin dangogi mafi girma a duniyar dabbobi. A Amurka da Kanada kaɗai akwai fiye da 4,000. Mafi yawansu ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa, sun yi kama da juna kamar an tsaga kara, har masana da kansu sukan yi watanni a kan 'yan kaɗan. Mu dai mun taki sa'a, domin namu mai ado ne.

Ga kamanninsa daga gaba zuwa baya. Kai baƙi ƙirin. Ƙirji ja mai ruwan goro, sumul, yana ƙyalli. Kube shuɗi mai duhu da sheƙi, irin na rawani ɗan Kura. Ciki ja, sai gaɓoɓin ƙarshe baƙaƙe, kamar an tsoma wutsiyar a tawada. Wannan jeri na baƙi, ja, shuɗi, ja, baƙi, shi ne tufafin gidan Paederus, wanda Fabricius, ɗan ƙasar Denmark kuma almajirin Linnaeus, ya raɗa wa suna a 1775. Amma launi shaida ne mai rauni, don akwai ƙwarin wasu gidaje da suke sanye da ja da baƙi. Masana sun fi dogara ga ƙira. Littattafansu suna da abin da suke kira mabuɗi, wato jerin tambayoyi masu amsa biyu-biyu: in abu kaza ne, tafi lamba kaza, in ba shi ba ne, tafi lamba kaza. Mabuɗin yakan kai mutum ga wuraren da ido bai saba dubawa ba. A gidan Paederus, tafin kowace ƙafa gaɓa biyar ne, ta huɗun kuma a rabe take biyu kamar kofaton akuya. Da ƙyar na hango wannan da gilashina, bayan na sa kwalbar a firiji na ɗan lokaci don sanyi ya rage masa gudu.

Yanzu mun san gidansu. A nan ya kamata mu dakata, domin a nan ne amfanin sanin suna yake bayyana.

'Yan gidan Paederus sun fi iri 600, suna ko'ina a duniya inda akwai damshi: bakin kogi, fadama, gonar shinkafa. Ba sa cizon mutum, ba sa harbi, kuma ba fitsari suke yi ba. Dafin yana cikin jininsu, sunansa pederin, wanda wasu masana a Italiya suka ware a farkon shekarun 1950. Wani abin sha'awa, ba ƙwaron ne yake haɗa dafin da kansa ba. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a jikin mace suke yin sa, ita kuma ta zuba shi cikin ƙwayayenta, ya kare 'ya'yanta daga gizo-gizo. Muddin ƙwaron yana tafiyarsa lami lafiya a kan fata, da wuya ya yi ɓarna. Ɓarnar tana zuwa ne idan mai barci ya ji abu yana bin wuyansa, ya kai hannu ya murje. Jan hannun nan shi yake zana dogon layin. Ba a jin komai nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya tashi. Idan a lanƙwasar hannu ne, fatar da ta taɓa wurin ita ma takan kama, a sami ƙuna biyu suna fuskantar juna. Mafi muni shi ne mutum ya murza ido da yatsan da ya taɓa dafin, idon ya kumbura. Maganin farko mai sauƙi ne: a hure ƙwaron ko a ture shi da takarda, in kuwa an riga an murje shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa ba tare da ɓata lokaci ba. In ya taɓa ido, ko ƙunar ta yi faɗi, sai a ga likita.

A Afirka ta Gabas ana kiran waɗannan ƙwari "ƙudan Nairobi", alhali ba ƙudaje ba ne, kuma ba a Nairobi kaɗai suke ba. Sun addabi mutanen Kenya a 1998, bayan ruwan sama mai yawa da aka yi a lokacin. Ɗaya daga cikin ire-iren da ake kira da wannan suna shi ne Paederus sabaeus, wanda ya bazu har Afirka ta Yamma. A 1990 wata mujallar likitocin fata ta buga rahoton ɓarkewar wannan ƙuna a kudancin Nijeriya, inda wasu suke yi wa ƙwaron laƙabi da siket da bulawus saboda launinsa biyu. A Amurka ta Arewa kuwa ba a cika samun wannan matsala ba, ko da yake 'yan gidan suna nan.

To, shin kuskure ne da mutanenmu suka ɗora wa hangara laifin kowace ƙuna? A ganina ba kuskure ba ne, wata hanyar raɗa suna ce. Bahaushe yakan kira abu da aikinsa ko da kamarsa: ƙudan zuma, kuɗin cizo, malam-buɗe-littafi. Wanda ya tashi da bororo a wuya ba ruwansa da yawan gaɓoɓin ƙafa, kuma shawarar da za a ba shi ɗaya ce ko wane ƙwaro ne. Amma a gona bambancin yana da nauyi. Hangara tana cikin wani dangi daban mai suna Meloidae, dafinta ma daban, sunansa cantharidin, kuma takan fitar da shi ta gaɓoɓin ƙafafunta idan an matsa mata. Abincinta fure ne, saboda haka idan ta yi yawa takan rage wa manomi gero da wake. Shi kuwa ɗan Paederus mafarauci ne. Ƙananan ƙwarin da suke tsotse ruwan shinkafa da sauran amfanin gona su ne abincinsa. Manomin da ya haɗa su a suna guda, ya yi musu feshi guda, ya kashe ɓarawo ya haɗa da mai gadi.

Saura mataki na ƙarshe, wato iri. Tun daga 1758, shekarar da Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, kowace dabba suna biyu take da shi: sunan gida da babban harafi, sannan sunan iri da ƙarami. A gabashin Amurka ta Arewa, ɗan gidan Paederus da aka fi gamuwa da shi a bakin ruwa shi ne Paederus littorarius, wanda Bajamushe Gravenhorst ya siffanta a 1806. Kalmar ta fito ne daga sunan gaɓar ruwa a Latin, ga shi kuma a gaɓar rafi muka same shi, girmansa da launinsa duk sun dace. Amma ku yi hattara da rubutu. Gravenhorst ɗin nan dai, a 1802, ya riga ya raɗa wa wani iri na Turai suna Paederus littoralis. Tsakanin littoralis da littorarius haruffa kaɗan ne, amma tekun Atlantika ce a tsakaninsu. Ɗalibin da ya taɓa rubuta kwari a maimakon ƙwari ya san irin wannan rami.

Gilashin hannu iyakarsa ke nan. Masani ba ya sa hannu a kan sunan iri sai ya kai ƙwaron ƙarƙashin madubin likita, kuma a wannan dangi sau da yawa sai ya feɗe namiji ya dubi al'aurarsa, domin ƙirarta ta bambanta daga iri zuwa iri ko da waje ya zo ɗaya. Tun daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da dabarar, an ƙara wata hanya: a karanta wani ɗan yanki na sinadarin gado, wato DNA, a gwada shi da na waɗanda aka riga aka tantance. Duk da haka, alƙalin ƙarshe shi ne ƙwaron asali. Duk wanda ya siffanta sabon iri sai ya ajiye samfurin da ya dogara a kansa a gidan adana kayan tarihi, ya zama mudun da za a auna sauran da shi. Mazauna Gaithersburg sun san wannan tunani, tun da a garin ne hedikwatar hukumar NIST take, wadda aikinta kula da ma'aunan ƙasar Amurka. Mudun ƙwari kuwa, da yawa daga cikinsu suna Gidan Tarihin Halittu na Smithsonian a Washington, inda aka tara samfurin ƙwari sama da miliyan 30. Daga tashar jirgin ƙasa ta Shady Grove ana isa can cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka.

A wannan gida ne tarin Thomas Lincoln Casey yake, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. Injiniyan soja ne, ɗan injiniyan da ya kammala ginin doguwar hasumiyar tunawa da George Washington. Ƙwari masu kube su ne abin sonsa, musamman ƙanana. Kafin rasuwarsa a 1925 ya raɗa wa iri fiye da 9,000 suna, a 1905 kuma ya wallafa dogon nazari a kan reshen dangin da gidan Paederus yake ciki. Idonsa yana da kaifi, har kaifin ya yi yawa: ɗan bambancin girma ko launi ya ishe shi ya ce ga sabon iri. Masanan da suka biyo baya sun sake duba samfuransa, suka tarar da yawa daga cikin sunayen na iri ɗaya ne da aka kira sau biyu ko sau uku, suka haɗe su. Ƙa'idar ita ce, idan sunaye biyu suka faɗa kan iri guda, wanda ya riga fitowa shi ne mai gida. Abin da ya sa gyaran ya yiwu shi ne Casey ya bar ƙwarinsa a jere, kowanne da takardarsa. Ni dai ina ganin wannan ya fi sunayen nasa daraja.

Takardar nan ita ce rabin aikin. Ƙwaro ƙarami irin namu ba a soke shi da allura, sai a manna shi a bakin wani ɗan kwali mai kusurwa uku, a soke kwalin. A ƙasansa a sa wata 'yar takarda mai ɗauke da ƙasa da jiha da gari, da ranar da aka kama shi, da irin wurin, da sunan wanda ya kama. Samfurin da ba shi da takarda kamar wasiƙa ce ba adireshi. Mu ba mu soke namu ba. 'Yata ta zana shi a littafinta da fensir ja da baƙi da shuɗi, ta rubuta a ƙasa: "Paederus, Gaithersburg, bakin rafi, cikin ruɓaɓɓen ganye." Ta tambaye ni sunansa da Hausa, na ce mata mu kira shi mai gajeriyar riga. Da la'asar muka mai da shi inda muka ɗauko shi, muka buɗe kwalbar, ya yi wuf ya shige ƙarƙashin ganye.

Gargaɗi ga ɗalibai: "mai gajeriyar riga" laƙabi ne na cikin gidana da na wannan aji. Wanda ya je kasuwar Kurmi ya faɗe shi, wurin tela za a nuna masa.

Ma'anar wasu kalmomi

bororo: ƙurji mai ruwa a ciki, irin wanda ƙuna ko sabon takalmi yake jawowa.
carbi: duwatsu ko 'ya'yan itace da aka jera a zare don ƙirga tasbihi.
ɗan Kura: baƙin rawani mai sheƙi da aka rina da baba aka buga, daga garin Kura kusa da Kano.
feɗe: yanka jikin dabba a buɗe shi.
kamar an tsaga kara: kama ta ƙwarai tsakanin abu biyu.
ƙari: abin da kunama ko rina take harbi da shi.
kube: gidan fata da ake zura wuƙa ko takobi a ciki.
mudu: kwanon awon hatsi a kasuwa.
raɗa suna: ba jariri suna ranar bakwai, a nan, ba sabon abu suna.
tsumagiya: siririyar sanda mai lanƙwasa ta duka.

Bayani a kan harshe

Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka kalmomi huɗu suna iya ruɗa ku a nan. Ƙwari, jam'in ƙwaro, karinsa ƙasa-sama ne. Ƙwari mai ma'anar ƙarfi da inganci, kamar a "igiya mai ƙwari", sama-sama ne. Idan aka cire lanƙwasar ƙ kuma, sai a sami kwari, wuri mai gangare, da kwari, gidan kibau. Ku saurari yadda zan furta su a aji, ku maimaita. Ku kuma sani cewa idan aka ce "wane ƙwaro ne a lissafi", yabo ne: ana nufin gwani ne.

Ku kwatanta murza da murje. "Ya murza ido" aikatau ne ɗan giredi na ɗaya, aikin yana gudana a kan abu kawai. "Ya murje ƙwaro" ɗan giredi na huɗu ne, yana nuna an kai aikin ƙarshe, abin ya lalace. Haka hura da hure: ana hura wuta don ta kama, ana hure ƙura don ta tafi. Uban da ke cikin nassin bai ce "kada ki murza shi" ba. Me ya sa?

Tsigalau, wato ɗan da 'yar da 'yan, ya yawaita a nassin saboda abin da ake magana a kai ƙarami ne: ɗan rafi, 'yar takarda, 'yan marafai. Kada ku ruɗa shi da ɗan na "ɗan Kura" ko 'yan na "'yan gidan Paederus", waɗanda asali suke nunawa. Akwai kuma amsa-kama da dama: baƙi ƙirin, shida cif, rufe ruf, yi wuf, sumul. Kowace tana da abokan tafiyarta. Ana cewa baƙi ƙirin, ja wur, fari fat, kuma ba a musanya su.

Tambayoyi

1. Waɗanne alamu biyu ne suka raba wannan ƙwaro da tururuwa?
2. Me ya sa ƙunar takan fito a dogon layi?
3. Marubucin ya ce manomi "ya kashe ɓarawo ya haɗa da mai gadi". Wane ne ɓarawon, wane ne mai gadin?
4. Da me aka kwatanta ɗafin -idae? Ku kawo misalai uku naku na ɗafin Hausar, ku ba da tilon kowanne, namiji da mace.
5. Marubucin yana ganin samfuran Casey sun fi sunayen da ya raɗa daraja. Kun yarda? Ku tattauna bibbiyu.

Aikin gida

Ku je wani wuri mai damshi, kamar bakin tafkin Clopper a gandun Seneca Creek, ko bayan ɗakin kwananku bayan an yi ruwa. Ku nemi ƙwaro guda, ku ɗauki hotonsa ba tare da kun taɓa shi da hannu ba. Ku siffanta shi da Hausa cikin jimla 12 zuwa 15, daga kai zuwa wutsiya, da amsa-kama aƙalla uku da kwatance biyu masu "kamar". Kada ku rubuta sunansa. Ranar Litinin kowa zai karanta nasa, sauran su zana abin da suka ji, sannan mu gwada zanen da hoton.